Daidaita Bugun Zuciya daga Ciki zuwa Tsufa

Zuciya ba ta jiran umarnin ƙwaƙwalwa kafin ta buga. A jikin ɗakinta na sama na dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyi da ke tayar da lantarki da kansa. Wasu masu bincike biyu, Keith da Flack, ne suka gano shi a 1907. In an bar shi, sai ya buga kusan sau 100 a minti. Jijiyar bagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ita ke riƙe masa linzami, shi ya sa bugun baligi in yana zaune yake tsakanin 60 da 100. Da tsoro ko gudu ya zo, sai jijiyar ta sassauta, sinadarin adirenalin kuma ya ƙara wa bugun sauri da ƙarfi.

Abin da jiki ya damu da shi shi ne yawan jinin da ke fita. Kowane bugu na tura kimanin mililita 70, wato wajen lita 5 ke nan a minti. Gwargwadon jinin da ya dawo ya cika zuciya, gwargwadon ƙarfin matsawarta. Wannan ke sa a zafin Afrilu na Sakkwato, da ma'auni ke haura digiri 40, mai azumi ko manomin da gumi ya ƙwace wa ruwan jiki yake jin zuciyarsa na sauri: abin da ke dawowa ya ragu, tilas ta rama da yawan bugu. Zazzaɓi ma kan ƙara kusan bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya.

Zuciyar ɗan tayi kan fara bugawa a mako na huɗu da samuwarsa, daga baya ta tsaya tsakanin 110 da 160. Ta jariri ba ta iya ƙara abin da take turawa sosai a bugu guda, da sauri ta dogara. Saboda haka raguwar bugun jariri babban haɗari ne, galibi alamar ƙarancin iska.

Mai juna biyu jininta kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, bugu kuma da sau 10 zuwa 20 a minti. Raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya. Nazarin da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka buga a 2007, ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100. An daɗe ana zargin kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ke gagararta a kwance, asibiti ya kamace ta ba jiƙo ba.

Da tsufa, ƙwayoyin curin nan kan ragu, tsokar zuciya ta yi tauri. Iyakar bugun mutum, a ƙiyasi, 220 ne a cire shekarunsa. Ma'aunan hawan jini da ke jijiyoyin wuya su ma kan yi nawa, don haka dattijon da ya miƙe farat ɗaya daga tabarma jiri kan ɗebe shi, musamman in yana shan maganin hawan jini. Gara ya fara zama, ya ɗan jinkirta, sannan ya tashi.