Rebecca Boone da Zuriyarta: Tambayoyi da Amsoshi

Sunan Daniel Boone, maharbin da ya ja Turawa 'yan ci-rani zuwa Kentucky, sananne ne a tarihin Amurka. Matarsa Rebecca, wadda ta riƙe masa gida shekara 56, ba kasafai ake tsayawa a kanta ba, alhali tarihin gidan a hannunta yake.

Wace ce ita, kuma daga wane gida ta fito?

An haife ta a watan Janairun 1739 a yankin Winchester da ke Virginia, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Birtaniya. Mahaifinta Joseph Bryan, kakanta kuma Morgan Bryan, mai filaye da yawa kuma ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Kwaka. Wajen 1748 dattijon ya kwashi 'ya'ya da jikoki ya koma kwarin kogin Yadkin a North Carolina. A nan suka yi maƙwabtaka da gidan Boone. Aka ɗaura auren Rebecca da Daniel ranar 14 ga Agusta, 1756, tana da shekara 17, shi kuma 21.

Aurensu ne kaɗai ya haɗa gidajen biyu?

A'a. Edward, ƙanin Daniel, ya auri Martha, 'yar'uwar Rebecca. Mary, ƙanwar Daniel, ta auri William Bryan. Wannan ya sa gidajen biyu suka zama dangi guda. Hoton da ake yawan zanawa na namiji ɗaya da bindigarsa yana keta daji ya ɓoye gaskiyar yadda aka yi ƙaurar. Zuriya ce guda take tashi, da surukai da yara da shanu, kowa ya san wanda zai jingina da shi idan abu ya ɓaci.

Zumuncin ya sha gwaji a yaƙin neman 'yancin Amurka. Da yawa daga cikin dangin Bryan sun tsaya a bayan Sarkin Ingila, har baffanta Samuel Bryan ya jagoranci mayaƙa a ɓangaren sarki, alhali mijinta yana ɗaya ɓangaren.

'Ya'ya nawa ta haifa, kuma me ya same su?

Goma, tsakanin 1757 da 1781: James, Israel, Susannah, Jemima, Levina, Rebecca, Daniel Morgan, Jesse, William da Nathan. Ban da su, ta raini marayun wan mijinta tun tana amarya.

A nan ne labarin yake da nauyi. A Oktoban 1773, a yunƙurinsu na farko na shiga Kentucky, mayaƙan 'yan asalin ƙasar suka kashe ɗan farinta James a kwarin Powell, yana da shekara 16, tafiyar ta watse. A 1775 ta haifi William, ya rasu yana jariri, kuma makonni kaɗan bayan haka ta sake kama hanya, ta isa sansanin Boonesborough a watan Satumba. A Yulin 1776 aka sace Jemima tare da 'yan mata biyu na gidan Callaway suna cikin kwalekwale, mahaifinta ya bi sawu ya ƙwato su. A Agustan 1782 Israel ya mutu a yaƙin Blue Licks, a gaban idon ubansa. Uwa ɗaya ce ta ɗauki duk wannan cikin shekara tara.

Me ya sa 'yan asalin ƙasar suke kai musu hari?

Domin ƙasar tana da masu ita. Kentucky filin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ne. Tun 1763 Sarkin Ingila ya hana Turawa zama a yammacin duwatsun Appalachia, suka yi kunnen uwar shegu. A 1775 kamfanin Richard Henderson, wanda Daniel yake wa aiki, ya ƙulla cinikin fili da wasu shugabannin Cherokee, ba a kuwa nemi yardar Shawnee ba. Ina tausaya wa Rebecca ƙwarai kan 'ya'yanta, amma iyayen Shawnee ma sun binne nasu, sun kuma rasa ƙasarsu gaba ɗaya. Haka nan gidan Boone ya mallaki bayi baƙaƙen fata, waɗanda guminsu yana cikin abin da gidan ya ci.

Da me ta riƙe gida alhali mijin ba ya zama?

Daniel yakan yi watanni a daji, farautar da ya fita a 1769 sai 1771 ya dawo. Noman masara, kiwo, saƙa, ɗinkin fata, jinyar yara, duk a wuyanta. Da Shawnee suka kama shi a Fabrairun 1778 aka ɗauka ya mutu, sai ta tattara yaranta ta ratsa duwatsu ta koma wurin danginta a Yadkin. Ya tsere bayan wata huɗu, daga baya ya je ya dawo da su. A shekarun 1780 sun riƙe masaukin baƙi a Limestone, garin da ake kira Maysville yanzu, a bakin kogin Ohio.

A ina ta ƙare rayuwarta?

Rikicin takardun fili da bashi suka cinye abin da suka mallaka a Kentucky. A 1799 suka ƙaura zuwa Missouri, wadda take hannun Sifen a lokacin, nan ma da 'ya'ya da jikoki. Ta rasu ranar 18 ga Maris, 1813, tana da shekara 74. Daniel ya bi ta a 1820. A 1845 aka tono ƙasusuwansu aka kai Frankfort, babban birnin Kentucky, kodayake har yau wasu mutanen Missouri suna cewa ba na Daniel aka ɗauka ba.

Daga ina aka samo labarinta?

Ba ta bar wasiƙa ko littafin tunawa ba. Abin da ya iso gare mu ya fito ne daga takardun fili da na kotu, da kuma bakin zuriyarta. A 1851 mai tattara tarihi Lyman Draper ya zauna da autanta Nathan da matarsa Olive ya rubuta abin da suka tuna. Takardun nan suna ajiye a cibiyar tarihi ta jihar Wisconsin, kuma su ne madogarar mafi yawan masu binciken gidan Boone.