Ɗaurin Filasta a Ƙoƙon Gwiwa

Ɗaurin filasta a ƙoƙon gwiwa wata hanya ce ta rage ciwon gwiwa ba tare da shan magani ko tiyata ba, wadda likitocin fisiyo, wato ƙwararrun gashi da motsa gaɓɓai, suke amfani da ita. Ana manna filasta mai ƙarfi a kan fatar gwiwa, a ja ƙoƙon gwiwar kaɗan zuwa ciki, domin a sassauta matsin da ke kan wurin da ya zaizaye. An fi yin ɗaurin ga masu ciwon gaban gwiwa da masu amosanin gwiwa, cutar da mata suka fi maza fama da ita, musamman bayan ɗaukewar al'ada.

Yadda ciwon yake faruwa

Ƙoƙon gwiwa ɗan ƙashi ne da ke zaune cikin jijiyar babbar tsokar gaban cinya. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwarmi da ƙoƙon yake zamewa sama da ƙasa a cikinsa duk lokacin da mutum ya lanƙwasa ƙafa ko ya miƙe ta, kuma guringuntsi mai santsi ne ya lulluɓe bayan ƙoƙon da cikin kwarmin. Idan amosani ya kama wurin, guringuntsin yakan yi laushi ya riƙa zaizayewa, har ta kai ƙashi yana gogar ƙashi. Galibi gefen waje ne ya fi lalacewa, saboda jan da tsokar cinya ke yi yana karkata ƙoƙon zuwa wajen.

Nauyin da wannan ɗan ƙashi yake ɗauka ya wuce yadda ake zato. A tafiya kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa matsin bai wuce rabin nauyin jiki ba, amma a hawan bene yakan kai kimanin ninki 3, a tsuguno sosai kuma yakan kai ninki 7. Wannan ne dalilin da mace za ta iya zuwa kasuwa ta dawo da ƙafarta, amma idan ta zo tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa, ta dafa bango, ta cije leɓe. Saukowa daga bene ya fi hawa azaba, durƙuso a salla yakan gagara, kuma sau da yawa ana jin ƙarar gurza a cikin gwiwar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na masu cutar mata ne. Masana suna danganta hakan da abubuwa da dama da suka haɗu: faɗin ƙugun mace da ke sa ƙashin cinya ya sauko a karkace, ƙarancin ƙarfin tsokar cinya, ƙiba, da sauyin sinadaran jiki da ke biyo bayan ɗaukewar al'ada.

Asali da yadda ake ɗaurin

Wata likitar fisiyo 'yar ƙasar Ostareliya, Jenny McConnell, ita ce ta fito da wannan salo, ta kuma wallafa bayaninsa a shekarar 1986, shi ya sa ake kiransa da sunanta. Da farko ciwon gaban gwiwa ta nufa da shi, daga baya aka jarraba shi ga dattawa masu amosani.

Filasta iri biyu ake haɗawa. Ta farko fara ce mai taushi, wadda ake shimfiɗawa a kan fata ba tare da an ja ta ba, aikinta kawai ta kare fata. Ta biyu mai tauri ce, ba ta talewa, kuma ita ce ke yin ainihin aikin. Mara lafiya takan zauna ko ta kishingiɗa, ƙafa a miƙe, tsokar cinya a sake, bayan an wanke wurin an busar, an aske gashi idan akwai. Likita ya kafa bakin filastar a gefen ƙoƙon na waje, ya tura ƙoƙon da babban yatsa zuwa ciki, ya tattaro naman gefen ciki da sauran yatsu, sannan ya manne ɗaya bakin. 'Yan tattarar da fata ke yi a gefen ciki alama ce ta cewa jan ya kama. Wani lokaci akan ƙara wasu guda biyu a ƙasan ƙoƙon, su haɗu kamar bakin almakashi, domin a ɗage kitsen da ke ƙarƙashinsa, wanda yake cike da jijiyoyin jin zafi. Da an gama sai a ce wa mara lafiyar ta tashi ta taka matakala ko ta ɗan tsuguna. Idan zafin bai ragu nan take ba, a cire a sake, domin ba a barin ɗaurin da bai yi amfani ba.

Akwai kuma filasta mai talewa, mai launuka, wadda ɗan ƙasar Japan Kenzo Kase ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wadda ake yawan gani a jikin 'yan wasa. Ta fi daɗin sawa, sai dai ba ta riƙe ƙashi kamar mai taurin.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1994 wasu masu bincike uku, Cushnaghan da McCarthy da Dieppe, suka wallafa wani gwaji da suka yi a Bristol ta Ingila kan mutum 14, inda suka ga jan ƙoƙon zuwa ciki ya rage zafi da kimanin kashi 25 cikin 100. Gwajin da ya fi shahara shi ne na Rana Hinman da abokan aikinta a Melbourne ta Ostareliya, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2003. Sun raba mutum 87 gida uku, aka yi mako 3 ana sabunta ɗaurin duk mako. Kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ɗaurin gaske sun ce sun sami sauƙi, kashi 49 na waɗanda aka manna wa filasta ba tare da ja ba su ma sun ce haka, alhali cikin waɗanda ba a ɗaura wa komai ba kashi 10 ne kawai. Sauƙin ya ci gaba har mako 3 bayan an daina.

Wannan kashi 49 abin lura ne ƙwarai, domin yana nuna cewa taɓawar filasta a kan fata da natsuwar da mara lafiya ke samu suna da nasu rabon a cikin sauƙin. Don haka masana da dama suna ganin cewa ba gusar da ƙashi kaɗai ke aiki ba, har da yadda filastar ke sauya saƙon da fata ke aika wa ƙwaƙwalwa da yadda tsokar cinya ke amsawa. Ƙungiyar likitocin cututtukan gaɓɓai ta Amurka ta sanya ɗaurin cikin shawarwarinta na 2012, amma a matsayin abin da za a iya gwadawa, ba wanda ya zama dole ba.

Iyaka da abin kiyayewa

Filasta ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi, kuma zalunci ne a bar mara lafiya ta ɗauka cewa ta warke. Babban amfaninta shi ne ta rage zafin har mace ta iya yin atisayen ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu, wanda shi da rage ƙiba ne ginshiƙin maganin amosanin gwiwa. Matar da zafi ya hana motsi tsokarta za ta ƙara raunana, gwiwar ta ƙara ciwo, kuma a nan ne 'yan makonnin ɗauri suke da daraja.

Matsalar da aka fi samu ita ce ƙaiƙayi da jan fata, kuma zufa da zafin rana suna sa filastar ta saki da wuri. Ba a ɗaurawa a kan rauni, ko ƙuraje, ko gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau, ko ga wadda gam ɗin filasta ke yi wa borin jini. Masu ciwon sukari da tsofaffi masu siririyar fata suna bukatar a riƙa duba wurin akai-akai. Wajen cirewa ana jiƙa filastar ko a shafa mai, a ɓare ta sannu a hankali ana danne fatar da ɗaya hannun, sannan a bar wurin ya sha iska kafin a sake wani ɗaurin.