Riƙo a wurinmu daban, a dokar Amurka daban

A Zariya, daga Tudun Wada har cikin birni, mutane da yawa sun ɗauka cewa idan ƙaninka ya samu takardar zama ɗan ƙasa a Amurka, zai iya aikowa a kai masa ɗanka ya riƙe, kamar yadda ake ɗaukar yaro daga Samaru a kai shi gidan kawunsa a Kano. Na ga uwar da har ta ɗinka wa yaronta sababbin kaya ta saya masa akwati, tana jiran kira, abin ya taɓa zuciyata.

Dokar shige da fice ta Amurka ba ta san riƙo ba. Ɗan ƙasar yana iya nema wa matarsa, 'ya'yansa, iyayensa da waɗanda suke uwa ɗaya ko uba ɗaya izinin zama a ƙasar. Ɗan wa ko ɗan ƙane ba ya cikin jerin. Sai dai ya nema wa kai uban, yaron ya biyo ka idan bai kai shekara 21 ba kuma bai yi aure ba, wannan layin kuwa yakan haura shekara 10.

Mayar da yaro ɗa ta hannun kotu ma da sharaɗi: a yi kafin ya cika shekara 16, kuma a ɗaya daga cikin hanyoyin, sai yaron da mai riƙonsa sun zauna tare shekara 2. Takardar mai unguwa ba ta wadatarwa.

Dokar ta tanadi bizar karatu, amma makarantar sakandare ta gwamnati wata 12 kawai aka yarda, kuma sai an biya kuɗin. Don Allah kada a tura yaro da bizar ziyara da niyyar ya zauna, domin hakan na iya rufe masa ƙofar shiga nan gaba.