Rusau da raya tsakiyar gari a Saudiyya: me doka ta tanadar wa mai gida da ɗan haya?

Duk wanda ya san Jidda kafin 2021 ya san Sabil, Karantina, Gulel, Kandara da Bitrumin. Unguwanni ne da Hausawa suka daɗe a cikinsu, wasu tun zamanin kakannin da suka biyo ta Sudan zuwa hajji suka yi zamansu. Daga watan Oktoban 2021 aka fara shafa jan fenti a bangon gidaje, alamar a tashi, sannan katafila ta biyo baya. Unguwanni sama da 60 aikin ya shafa. Har yau mutanenmu na tambaya: wa ya yanke wannan shawara, kuma wace doka ce ta ba shi dama?

A takarda, tsara gari aikin Amana ne, wato babbar hukumar birni, da baladiyyoyi, wato ƙananan hukumomin birni da ke ƙarƙashinta. Su ke ba da izinin gini da lasisin shago, su ke cewa nan kasuwa, nan gidaje. An kuma yi zaɓen majalisun baladiyya a 2005, 2011 da 2015, inda mata suka kaɗa ƙuri'a karon farko a na ƙarshen. Sai dai manyan ayyukan raya tsakiyar gari ba daga waɗannan majalisu suke fitowa ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin Ru'uya 2030 na sauya tattalin arzikin ƙasar a shekarar 2016, akalar ta koma hannun hukumomi na musamman da kamfanonin asusun zuba jari na gwamnati. Makka na da hukumar masarauta tata tun 2018. A Disambar 2021 Yarima Muhammad bin Salman ya sanar da aikin sabuwar tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75 a bakin teku, mai filin wasa, gidan tarihi, otal-otal da gidaje 17,000. A Oktoban 2022 kuma aka kafa wani kamfanin da zai gina tsakiyar gari a birane 12, ciki har da Madina, Ɗa'ifa, Tabuka da Jizan.

Mutane kan haɗa abubuwa uku wuri guda, alhali kowanne da hanyarsa. Aikin bakin teku daban. Gyaran tsohuwar Jidda, wato Balad, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, shi ma daban, kuma can gyara ake yi ba rushewa ba. Rushe unguwannin da gwamnati ke kira ashwa'iyyat, waɗanda aka gina ba bisa tsari ba, wani kwamiti ne na lardin Jidda ya gudanar da shi, bisa hujjar tsaro, lafiya da rashin hanyoyin da motar kashe gobara za ta bi. Hujjar ba ƙarya ba ce, wanda ya taɓa shiga lungunan Karantina ya sani. Amma rashin tsarin unguwa bai amsa tambayar inda mazaunanta za su kwana ba.

Tushen komai shi ne sashe na 18 na babbar dokar mulki ta 1992: ba a karɓe wa mutum dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya ta adalci. A kan wannan aka gina dokar karɓar gidaje da filaye ta 2003, wadda ita ke aiki lokacin rusau ɗin Jidda. An maye gurbinta da sabuwa da majalisar ministoci ta amince da ita a Agustan 2025, ta fara aiki a Janairun 2026. Babban abin da sabuwar ta zo da shi shi ne lissafi: ƙwararrun masu ƙiyasi da ke da lasisi za su yi wa gidan kuɗi bisa farashin kasuwa, sannan a ɗora kashi 20 cikin ɗari a kai. Gidan da aka yi wa riyal dubu 500, mai shi zai karɓi dubu 600. In kuwa aron wurin hukuma za ta yi na wani lokaci, sai ta biya kuɗin hayar irinsa, shi ma da ƙarin kashi 20. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 60 ya kai ƙara kotun gudanarwa ta Diwanul Mazalim.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan magana da mai sakki ake yin ta, wato wanda ke riƙe da takardar mallaka ta hukuma. A Jidda kwamitin ya fayyace: mai sakki za a biya shi kuɗin fili da na gini, wanda ya yi gini a filin da ba shi da sakkinsa, kuɗin ginin kawai, domin filin na gwamnati ne a idon doka. Gidaje da yawa a waɗannan unguwanni an saye su ne da takardar hannu da shaidu biyu, an gada, an sake sayarwa, shekara arba'in ko hamsin ba wanda ya ɗaga gira. Wannan takarda tana da daraja tsakanin maƙwabta, amma ba ta zama sakki.

Sai bambanci na biyu, tsakanin ɗan ƙasa da mai iƙama, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama. Bahaushen da ke da shaidar ɗan ƙasa, irin iyalan da ake kira Hausawi, haƙƙinsa ɗaya da na kowane Basa'ude: diyya, da kuma tallafin da aka sanar na biyan haya na wucin gadi da gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi. Wanda aka haifa a Sabil, ubansa ma can aka haife shi, amma har yanzu iƙama yake sabuntawa, wannan tallafi bai hau kansa ba. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na 2022 mutane sama da rabin miliyan rusau ɗin ya shafa, kusan rabinsu baƙi ne da ba su cikin tsarin diyya, kuma wa'adin tashi da aka ba wasu bai wuce 'yan kwanaki ba. A ganina nan ne dokar ta fi rauni. Ta ƙware wajen ƙiyasta kuɗin bango, ba ta da ma'aunin asarar telan da kwastomominsa suka watse ko matar da ke sayar da abinci a ƙofar gida.

Ɗan haya fa? Diyyar gida ta mai gida ce. Abin da ɗan haya zai iya riƙewa shi ne yarjejeniyar haya da aka yi wa rajista a Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya. Hayar da ba ta cikin Ejar, hukuma ba ta ɗaukar ta a matsayin ingantacciyar yarjejeniya, don haka wanda ya biya kuɗin shekara hannu da hannu, aka rushe gidan bayan wata uku, neman ragowar kuɗinsa zai yi masa wuya ƙwarai. Mai gida ya ce maka "bari kawai, mu 'yan uwa ne, ba sai an rubuta ba", ka yi masa godiya, ka nace a rubuta. Rajistar na buƙatar iƙama mai rai, shi ya sa barin iƙama ta mutu yake jawo asara biyu.

Gwamnati ba ta bar masu hannu da shuni sakaka ba, wannan gaskiya ne. Tun 2016 ake karɓar harajin kashi 2.5 cikin ɗari a kan manyan filayen da aka killace cikin gari ba a gina ba, a 2025 kuma aka ɗaga shi zai iya kaiwa kashi 10, aka haɗa har da gine-ginen da aka bari ba kowa. Manufar ita ce a tilasta gini don haya ta sauko. A Riyad har dakatar da ƙarin kuɗin haya aka yi na shekara 5 daga Satumbar 2025, amma umarnin na Riyad ne, mazaunin Jidda ko Makka kada ya kafa hujja da shi gaban mai gida.

Ga waɗanda ke Madina, Ɗa'ifa da tsofaffin unguwannin Makka, inda ayyukan ke ci gaba, shawarar fara karɓar gidaje ana buga ta a jaridar gwamnati ta Ummul Ƙura, baladiyya ma tana sanarwa. Daga ranar da aka sanar da mutum hukuncin da ya shafi gidansa kwana 60 ɗin nan ke fara ƙirguwa. Mai gidan gado da har yanzu sakkin ke ɗauke da sunan marigayi, ya fara da takardar tantance magada da wakilcin 'yan uwa tun yanzu, domin fitar da su kan ɗauki lokaci, kuma ba a sakin kuɗin diyya sai sun cika.