Zinare a cikin tsinken gwajin maleriya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk lokacin da aka shiga zangon furojet, tambayoyin nan ne dai ke dawowa, daga ɗaliban kimiyyar sinadarai, da na ƙananan halittu, da na injiniyan lantarki, wani sa'in har da ma'aikatan lafiya. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda zai sake turo tambaya, don Allah ya fara karanta wannan har ƙarshe.

Malam, mene ne "nano" ɗin nan da ake ta faɗa?

Ma'auni ne. A raba mita ɗaya gida biliyan, kashi guda shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kai yakan kai wajen nanomita 80,000. Abin da girmansa ya faɗa tsakanin nanomita 1 da 100 shi ake kira kayan nano. Iyakarsa ke nan.

Ana amfani da shi a nan kuwa, ko sai Turai?

Je ka asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da kai, ka ce a nuna maka tsinken gwajin maleriya, wanda ma'aikata ke kira RDT. Jan layin nan da ke fitowa, a yawancinsu zinare ne, ƙwayoyi masu girman wajen nanomita 40 da suka taru wuri guda. Akasarin tsinken gwajin ciki da na korona ma haka suke. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya, to ka ƙiyasta yawan waɗanda ake ɓarewa kullum a daminar ƙasar Hausa.

Zinare ai ruwan ɗorawa ne, ya aka yi ya zama ja?

Idan ya ƙanƙance haka, yana shanye koren haske, wajen nanomita 520 zuwa 530, sai ido ya ga ja kamar zoɓo. Michael Faraday ya bayyana irin wannan ruwan zinare a Landan tun 1857. Idan ƙwayoyin suka dunƙule, launin ya koma shunayya, sannan shuɗi, sannan ruwan toka. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ruwan bafa, wanda ke zuwa a kwalin tsinken ana ɗigawa bayan jini, ya ƙare. A ɗiga ruwan allura ko na wani kamfani?

A'a. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Bafar ce ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, ita ke tsayar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ita ke hana zinaren manne wa inda bai kamata ba. Da ruwa ko bafar wani kwali, layin ƙarya na iya fitowa, a ɗura wa yaro maganin da ba ya buƙata, ciwon da ke damunsa kuma yana nan yana ci. Bafa ta ƙare, gwaji ya tsaya.

Yaya tsinken yake aiki?

Ɓare robar ɗaya da aka gama da ita, da safar hannu, ka gani da idonka. Akwai auduga ta farko da ke karɓar jini. Bayanta akwai wani ɗan ƙyalle na zaren gilashi, a nan aka busar da zinaren da aka manna wa antibodi, wato furotin da ke gane wani abu takamaimai ya kama shi. Sai farar takardar naitiroselulos mai layi biyu, T da C, sai auduga mai kauri a ƙarshe wadda ke janyo ruwan.

Ana ɗiga jini mikrolita 5, a bi shi da bafa adadin ɗigon da takardar kwalin ta ce. Ƙwayar cutar maleriya nau'in falsifarum tana fitar da wani furotin mai suna HRP2. Idan yana cikin jinin, antibodin da ke jikin zinare ya cafke shi, su gangara tare, antibodi na biyu da aka dasa a layin T ya tare su, layi ya yi ja. Layin C kuwa zinaren yake kamawa ko da cuta ko babu, shaida ce cewa ruwan ya bi hanya. Babu C, babu sakamako, ko da T ya fito jawur. A karanta a lokacin da kwalin ya ƙayyade, yawanci minti 15 zuwa 20. Layin da ya ɓullo bayan awa guda ba a lissafa shi.

Yaya ake dafa ruwan zinaren?

Hanyar Turkevich ta 1951 ce, wadda Frens ya gyara a 1973, kuma har yau ita ake bi. Tafasa mililita 50 na ruwan gishirin zinare, HAuCl4, mai ƙarfin kashi 0.01 cikin ɗari, ana motsawa da ƙarfi. Yana cikin tafasa ka zuba sitret mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, a zubi guda, kada ka tsaya ɗigawa. Mililita 0.5 na ba da ƙwayoyi wajen nanomita 40, mililita 1 kuma wajen 16. Wato ƙarin sitret, ƙarin ƙanƙanta. Za ka ga ruwan ya ɗashe, ya yi duhu, sannan ya juye ja. Bar shi minti goma yana tafasa, ka sauke, ka cike abin da ya ƙone da tataccen ruwa.

Kada cokalin ƙarfe ya taɓa gishirin zinaren, cin ƙarfe yake yi. Kwalabe kuma a wanke su da akwa rejiya, asid HCl kashi uku da naitirik kashi ɗaya, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, kuma kada a kuskura a toshe bakin kwalbar da yake ciki, iska yake fitarwa, zai iya fasa ta.

Malam, ina zuba antibodi sai ruwan ya koma shuɗi. Me na yi ba daidai ba?

To, wannan ce tambayar da ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya yanke maka dalili ɗaya bai ga kwalbarka ba, kintace yake yi. Abin da ya faru dai a fili yake, ƙwayoyin sun dunƙule. Abin da ke raba su tun farko shi ne sitret ɗin da ya lulluɓe kowace ƙwaya, ya ba su caji iri ɗaya suna ture juna. Kariya ce mai rauni ƙwarai, abu kaɗan ke rusa ta.

Wanda zan fara zargi shi ne gishiri. Yawancin antibodi a cikin wani ruwan bafa mai suna PBS yake zuwa, shi kuwa yana ɗauke da gishiri wajen milimola 137. Idan antibodinka tsinkakke ne har ka zuba da yawa, gishirin zai riga shi isa jikin zinaren. Maganinsa a sauya masa ruwa zuwa bafar boret mai milimola 2, ko aƙalla a tsinka shi a cikinsa.

Na biyu pH. Ruwan zinaren da aka sauke yana da ɗan tsami, wajen 5 zuwa 6. A nan antibodi da yawa cajinsu kishiyar na zinaren ne, sai guda ya kama ƙwaya biyu ya haɗa su. Shi ya sa ake ɗaga shi da K2CO3 mai ƙarfin mola 0.1, ɗigo-ɗigo, zuwa wajen 8.5 ko 9. Amma kada ka ɗauki lambar nan kamar yankan wuƙa. Kowane antibodi da halinsa, wani a 7.5 ya fi zama. Jera ƙananan kwalabe biyar daga 7 zuwa 9 ka gwada. Kuma da takardar pH za ka auna, ko ka ɗebi kaɗan gefe ka auna ka zubar, domin sandar mitar tana tsattsafo da gishirin KCl, ita kanta tana iya ɓata maka ruwan.

Mai yiwuwa kuma antibodin ne bai isa ya rufe ƙwayoyin ba. Ana gane wannan da gwajin gishiri: zuba zinare daidai wa daida a kwalabe, ka sa antibodi daga sifili zuwa wajen mikrogiram 20 a kowace mililita, jira minti 15, ka ƙara ruwan gishiri mai kashi 10 cikin ɗari, kamar ushirin abin da ke kwalbar. Waɗanda ba su rufu ba za su yi shuɗi nan take. Mafi ƙarancin adadin da ya tsaya ja shi ne naka, ka ɗan ƙara kaɗan a kai.

Idan kuwa sai bayan injin santirifuj, mai juya kwalba da gudu don ƙwayoyin su kwanta, matsalar ke fitowa, wani zance ne daban. Laka mai kyau ja ce mai duhu, mai taushi, idan ka karkata kwalbar za ka ga tana malala. Wadda ta yi baƙi ta manne kamar ƙanzo, ko dai gudun ya yi yawa, ko ba ka toshe sauran gurabun jikin zinaren da BSA, furotin jinin shanu, ba, wajen kashi 1 cikin ɗari, kafin ka juya. Kada ka kwafi lambar rpm, wato yawan juyawa a minti, daga takardar wani, faɗin injinku ba ɗaya ba ne. Fara da gudu kaɗan, idan ruwan sama ya rage da ja ka ƙara.

Sai abubuwan da mutane ke rainawa. Ruwan da aka ce maka tatacce ne, ka tabbatar? Firij fa? Saboda ɗauke wuta ana murɗa shi zuwa ƙarshe, kwalbar da ta jingina da bangon baya ta daskare, shi kuma ruwan zinare idan ya daskare ya gama. A ajiye shi a digiri 4, a tsakiyar firij. Akwai ma wanda launinsa zai tsaya ja lafiya lau amma tsinken ya ƙi aiki, sau da yawa don kamfanin ya riga ya zuba BSA ko jelatin a cikin antibodin, su suka mamaye jikin zinaren. Karanta takardar da ta zo da shi.

Yana iya zama biyu daga cikinsu ne suka haɗu. Sauya abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta, kuma ka yi da mililita ɗaya-ɗaya, kada ka ƙona tsadadden antibodi a babbar kwalba. Wanda ya riga ya yi shuɗi da wuya ya dawo, a haƙura da shi. Kwantar da hankalinka, kusan kowa ya sha wannan a farko, kuma ana wuce shi.

Na haɗa ganyen dogonyaro da silba naitiret, wato gishirin azurfa, ruwan ya yi ƙasa-ƙasa. Na samu nano ke nan?

Sauyin launi kawai ka samu. Ruwan ganye shi kaɗai ma yana yin duhu. Kawo awon UV, wato na yadda ruwan ke shanye haske, mai tudu wajen nanomita 400 zuwa 450, sannan hoton madubin lantarki, TEM, don a ga girma. Idan za ka gwada shi kan bakteriya, sa ruwan ganyen shi kaɗai da silba naitiret shi kaɗai a gefe, domin azurfa ko ba nano ba tana kashe su. Ba tare da wannan ba babu abin da ka nuna. Kuma kada wanda ya sha. A 2014, lokacin Ebola a Legas, an yi ta zancen Nano Silver a matsayin magani, ƙarshe hukumomi ba su amince a ba marasa lafiya ba.

Mutum ya gama shan magani, gwaji na nuna akwai cuta. Jabu ne?

Ba lallai ba. HRP2 na iya yin makonni a jini bayan ƙwayar cutar ta mutu. Idan zazzaɓi ya dawo, a duba jinin da madubin likita.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne akasin haka. Akwai falsifarum da ta rasa ƙwayar halittar da ke yin HRP2, tsinken ba ya ganinta sam. An fara ba da rahotonta daga Peru a 2010, ta yi yawa a Eritiriya har ƙasar ta sauya irin tsinken da take amfani da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan irin wannan kuskure ya kai kashi 5 cikin ɗari a sauya zuwa mai neman wani furotin, kamar pLDH. Mai neman furojet mai amfani, ga shi nan: jinin da madubi ya nuna cuta amma tsinke ya ce babu, a bi shi da PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar.

Ni ɗan lantarki ne, ina aikina a ciki?

A ɗakin ajiya. Antibodi furotin ne, zafi na kashe shi. Kwalaye da yawa an rubuta kada su wuce digiri 30, wasu 40, ga kuma sito mai rufin kwano a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Na'urar da za ta riƙa auna zafin tana aikawa abu ce da ake buƙata.

Sensa DS18B20 ta isa, kuskurenta rabin digiri ne, amma sai ka sa mata resista 4.7k tsakanin wayar bayanai da ta wuta. Idan da SIM800L, ɗan allon da ke aikawa ta layin waya, za ka aika, sani cewa 2G kawai yake kamawa, yana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma lokacin aikawa yana fizgar har amfiya 2. Shi ya sa yake ta mutuwa yana tashi idan ka ciyar da shi daga allon Arduino. Ba shi batir 18650 nasa, da kafasita mikrofarad 1000 dab da shi. Inda babu sabis, rediyon LoRa kan megahaz 868 na kai saƙo kilomitoci, amma 'yan lambobi kawai yake ɗauka, ban da hoto. Fitar da eriya saman kwano, kada kuma ka kunna shi ba eriya, ƙonewa zai iya yi. Na'urar ta riƙa adana awo da lokacinsa a katin memori, sabis ya dawo ta tura.

Zan iya sa kyamarar waya ta karanta layin?

Za ka iya, in ka yi mata ɗan akwati mai fitila tsayayya da nisa guda. Hasken taga da na tocilan ba sa ba da lamba ɗaya. Auna ɓangaren kore na hoton, nan zinare ya fi duhu. Kada sunan majinyaci ya bi hoton zuwa WhatsApp, lamba ake sa wa.

Tsinken da na haɗa ya yi aiki a lab. In fara gwada mutane da shi?

A'a. Sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin ka taɓa jinin kowa, sai an kwatanta sakamakonsa da na madubi ko PCR a samfura masu yawa, sai an ajiye shi a zafi an ga ko yana jurewa. Sayarwa kuwa sai da rajistar NAFDAC.