Naman kazan daji yana buƙatar bishiyarsa da ƙasarsa

Jama'a, wannan 'yar laimar da ke ɓullowa a gindin bishiya bayan an yi ruwa, 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin naman kaza yana ƙarƙashin ƙasa, wasu fararen zaruruwa ne sirara kamar saƙar gizo. A ire-ire da dama da ke daji, zaruruwan nannaɗe suke da saiwar bishiya. Ita tana ba shi sukarin da ganyenta ya haɗa, shi kuma yana jawo mata ruwa da ma'adinai daga inda saiwarta ba ta kaiwa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Duk wanda ya sare bishiyar ya kashe naman kazan, ko da hannunsa bai taɓa shi ba.

Ku duba abin da ya sami matsutake a Japan, wani irin naman kaza ne da ke rayuwa da jan bishiyar fain. A 1941 an tsinci kusan tan 12,000. A yawancin shekarun nan ko tan 100 ba a samu, kuma a 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Wata mitsitsiyar tsutsa da ta shigo daga Arewacin Amurka ce ta yi ta kashe bishiyoyin, ƙwaro na ɗaukarta daga wannan zuwa waccan. Ɗaya dalilin ya fi ba ni mamaki. Da iskar gas da kananzir suka wadata, mutanen karkara suka daina shiga daji yin itace da kwasar ganye. Ruɓaɓɓen ganye ya taru ya yi kauri, wasu bishiyoyi suka mamaye wurin, alhali matsutake ƙasa marar taki yake so. Ashe watsi da daji ma yana ɓarna. Kuma har yau ba a iya noma shi a gona ba, balle a ce za a mayar da gurbinsa.

Saboda haka, don Allah masu tsinka, ku bar tono da fartanya ko manjagara, domin zaruruwan nan kuke yayyagewa. Ku cire a hankali da hannu, ku mayar da ƙasa ku rufe ramin. Waɗanda suka tsufa suka buɗe laima ku bar su, su ne ke watsa irin da zai kafu nan gaba. Na san mai saye yakan fi son ƙananan da ba su buɗe ba, amma in kun kwashe su duka, me zai zubar da iri?

Kafin a sare wata bishiya a inda kuka san yana fitowa, ku fara magana da ma'aikacin gandun daji.