Kuɗin Fakin a Asibitocin Birtaniya

Kuɗin fakin a asibiti shi ne abin da ake karɓa daga wanda ya ajiye mota a harabar asibiti, marar lafiya ne ko ɗan dubiya ko ma'aikaci. A ƙasashe da yawa ana biya ba a ko tanka ba, amma a Birtaniya ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce. Dalili kuwa shi ne hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, an kafa ta ne a 1948 a kan alƙawarin cewa ganin likita da kwanciya a asibiti kyauta ne ga kowa, daga haraji ake biya. Mutane da dama na ganin injin karɓar kuɗi a bakin ƙofar asibiti ya saɓa wa wannan alƙawari. Tun da harkar lafiya ta koma hannun gwamnatocin yankuna a 1999, Ingila da Wales da Scotland da Ireland ta Arewa kowacce ta kama hanyarta.

Yadda ake karɓar kuɗin

A Ingila kowace hukumar asibiti ce ke yanke farashinta, don haka asibitoci biyu a gari ɗaya na iya bambanta sosai. Baƙi na biya gwargwadon awannin da suka yi. Ma'aikata kuwa galibi suna sayen takardar izini ne ana cirewa daga albashi. Asibitoci da yawa sun ba kamfanoni masu zaman kansu kwangilar kula da wuraren, su kuma suka kafa kyamarori masu karanta lambar mota. Wanda ya wuce lokacin da ya biya, sai takardar tara ta same shi a gida, alhali wanda ya kai ɗansa sashen gaggawa bai san lokacin da zai fito ba. Wani bincike na kamfanin dillancin labarai na PA ya nuna asibitocin Ingila sun tara sama da fam miliyan 254 daga fakin a shekarar kuɗi ta 2018/19.

Wales da Scotland

Wales ce ta fara soke kuɗin, daga 1 ga Afrilu 2008, lokacin da Edwina Hart ke ministar lafiya. Sai dai asibitocin da suka riga suka ƙulla doguwar kwangila da kamfanoni sun ci gaba da karɓa har wa'adin ya ƙare, shi ya sa sai a 2018 fakin ya zama kyauta a duk asibitocin yankin. Ana cikin wannan jira ne, a 2017, wata kotu a Cardiff ta umarci ma'aikata 75 na Asibitin Jami'a na Wales su biya tarar da kamfanin Indigo, mai kula da wurin fakin asibitin, ke bin su. Ƙorafinsu shi ne suna da takardar izini, amma wuraren da aka ware wa ma'aikata ba sa isa, sai su ajiye inda suka samu don kada su makara.

Scotland ta bi sahu a ƙarshen Disambar 2008, Nicola Sturgeon na riƙe da ma'aikatar lafiya. Nan ma wurare uku suka saura saboda da kuɗin 'yan kasuwa aka gina su: Ninewells a Dundee, da babban asibitin Royal Infirmary na Glasgow, da takwaransa na Edinburgh. An dakatar da karɓar kuɗi a cikinsu a farkon annobar korona a 2020. A 2021 gwamnatin Scotland ta fanshi na Glasgow a kan fam miliyan 26.3, na Ninewells kuma fam miliyan 9.

Soke kuɗin bai ƙara ko gurbin mota ɗaya ba. A asibitocin da ke kusa da tsakiyar gari ko tashar jirgin ƙasa, an yi ta kuka da masu zuwa aiki ko sayayya da ke barin motocinsu a asibiti tun safe. Dole aka koma ga ƙayyade awanni, da rajistar lambar mota, da tara ga wanda ya karya doka.

Ingila

Ingila ba ta soke ba, rangwame ta yi ta yi kaɗan-kaɗan. A 2014 sakataren lafiya, wato ministan lafiya, Jeremy Hunt ya fitar da ƙa'idoji da ke ba asibitoci shawarar su sassauta wa wasu rukunoni, amma shawara ce, ba tilas ba. A 2015 'yar majalisa Julie Cooper ta kawo ƙudirin yafe wa masu jinyar 'yan uwansu, sai wasu 'yan majalisa, musamman Philip Davies, suka yi ta dogon jawabi har lokacin muhawarar ya ƙare. Jam'iyyar Labour ta yi alƙawarin sokewa baki ɗaya a zaɓen 2017, da nufin cike giɓin ta hanyar ƙara haraji a kan inshorar lafiya ta masu zaman kansu, amma ba ta ci zaɓen ba. Ko a cikin jam'iyyar Conservative akwai masu adawa da kuɗin, irin su Robert Halfon, wanda ya kira shi ɓoyayyen haraji a kan marasa lafiya.

Bayan zaɓen 2019 gwamnati ta wajabta wa asibitoci yafe wa rukunoni huɗu: naƙasassu masu riƙe da shuɗin katin fakin; marasa lafiya da ke zuwa aƙalla sau uku a wata har tsawon wata uku ko fiye; iyayen da ke kwana da yaro a asibiti, daga ƙarfe 7:30 na yamma zuwa 8 na safe; da ma'aikatan da ke aikin dare.

Ireland ta Arewa

Majalisar yankin ta zartar da dokar soke kuɗin a 2022, bisa ƙudirin Aisling Reilly ta jam'iyyar Sinn Féin. A Mayun 2024 ya kamata ta fara aiki, sai aka ɗage zuwa 2026 saboda ba a kammala na'urorin da za su tsara shiga da fita ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan karɓar kuɗi suna da hujja mai nauyi. Wurin fakin na cin kuɗi: fili, kwalta, fitilu, masu gadi, gyara. In direbobi ba su biya ba, daga kasafin magani za a ɗauka, kuma wanda ba shi da mota, wanda sau da yawa shi ne ya fi talauci, shi ma harajinsa zai shiga ciki bayan ya biya kuɗin bas da aljihunsa. Suna kuma cewa farashi na sa motoci su riƙa juyawa, mai zuwa ganin likita ya samu wuri.

Masu adawa, ciki har da ƙungiyoyin tallafa wa masu ciwon daji kamar Macmillan, suna cewa nauyin ba a kan kowa yake sauka daidai ba. Wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara ba zai ji komai ba. Mai wankin ƙoda sau uku a mako, da mai karɓar maganin ciwon daji, da uwar da jaririnta bakwaini ke kwance makonni, su ne ke biya a kai a kai, a daidai lokacin da rashin lafiya ta rage musu samu. Rukunoni huɗun nan sun rage wannan zafi, amma matar da ke zuwa kullum ta ciyar da mijinta mai ciwon mantuwa ba ta cikin waɗanda aka wajabta yafe musu, sai in asibitin ya ga dama.

Batun ma'aikata

A nan ne hujjar karɓar kuɗi ta fi rauni. Ɗan dubiya na iya zaɓar lokacin zuwa ko ya hau bas. Ma'aikaciyar jinya da za ta kama aiki da sassafe, ko ta tashi bayan awa goma sha biyu, a asibitin da aka gina a bayan gari, ba ta da wannan zaɓi. Inda farashin izini ɗaya ne ga kowa, mai shara da mai tura gadon marasa lafiya suna biyan abin da babban likita ke biya, shi ya sa wasu asibitoci suka koma yanke farashi gwargwadon matakin albashi. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su Unison da GMB sun daɗe suna cewa wannan rage albashi ne ta bayan fage, kuma yana da wuya a musa musu, musamman ga hukumar da ke fama da ƙarancin ma'aikata.

Gwamnatin Birtaniya da kanta ta taɓa amincewa da haka na ɗan lokaci. A Maris 2020, da korona ta yi tsanani, ta ɗauki nauyin fakin ɗin dukkan ma'aikatan NHS a Ingila. Sakataren lafiya Sajid Javid ya kawo ƙarshen tallafin a 31 ga Maris 2022, asibitoci da yawa suka dawo da karɓar kuɗi daga masu aikin rana. Yafiyar aikin dare kuma ta shafi wanda aikinsa ya fara bayan ƙarfe 7:30 na yamma ya ƙare kafin 8 na safe ne kawai, don haka wanda ya kama aiki ƙarfe 7 na yamma bai cika sharaɗin ba.